Mataimakin matuƙi a jirgin kargo: albashi, bon na horo da aikin dare

Baban Hanan

Assalamu alaikum. Ƙannenmu da suka gama makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya ko makarantun waje da awoyin tashi ɗari biyu da 'yan kai a littafi suna ta tambaya a kan kamfanonin dakon kaya, don wani lokaci su ne ke ɗaukar sabon hannu alhali na fasinja sun rufe ƙofa. Duk wanda ke kujerar dama, wato ta mataimakin matuƙi, a jirgin kargo, ko ya taɓa zama a kanta, ya taimaka da abin da ya sani: yadda ake lissafin albashi, abin da bon ya ƙunsa (wato yarjejeniyar da ke ɗaure mutum ya yi wa kamfani aiki saboda kuɗin horonsa da aka biya), da yadda rosta, wato jadawalin aiki, take. In ƙorafi ne, a bar sunan kamfani.

Kyaftin Dare

Wa alaikumus salam, Baban Hanan. Bari in fara da bon, don a nan yara suka fi ƙonewa.

Kamfani zai biya maka horon samfurin jirgi: karatun aji, zaman simileta (na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi), jarrabawa, sannan tashi da sauka shida a jirgi na gaske ba kaya a ciki. Na Boeing 737 a Turai yakan ci tsakanin Yuro 20,000 da 30,000. Kai kuma ka sa hannu za ka yi musu aiki shekara biyu, uku, wani wurin har biyar, in ka tafi kafin nan ka biya. Ni ban ɗauki wannan zalunci ba, kuɗinsu suka zuba. Inda gizo ke saƙar shi ne layukan da ɗoki ba ya barin mutum ya karanta.

Duba ko bashin yana raguwa, kuma ta yaya. Ɗauki misalin dala 30,000 a wata 36. In wata-wata yake raguwa, kowane wata dala 833 na fita daga wuyanka, wanda ya tafi bayan wata 23 zai biya wajen 10,800. In shekara-shekara ne, wannan mutumin dai 20,000 zai biya, don bai cika shekara ta biyu ba. Akwai kuma wanda ba ya raguwa sam: ko saura wata ɗaya ka ajiye aiki, 30,000 ɗin nan cif za a nema.

Sai ranar da aka fara ƙirga. Wasu daga ranar sa hannu, wasu daga ranar jarrabawar simileta, wasu sai ka ci gwajin ƙarshe a kan layi, wato a tafiyar aiki ta gaske da jirgin kamfani. A ƙaramin kamfani mai kyaftin ɗin horo biyu ko uku, horon kan layi na iya ja maka watanni kana zaune a gida da rabin albashi, agogon bon kuwa ko motsi bai yi ba. Nemi a rubuta kwanan wata takamaimai.

Abin da na fi matsa wa yara su nema shi ne wannan: in kamfani ne ya sallame ka saboda ya rasa kwangila ko ya rage jirage, ko likita ya soke maka shaidar lafiya, bon ya faɗi. In takarda ba ta ce haka ba, ɗauka cewa za a bi ka bashin.

Ɗan Zariya

Allah ya ƙara girma, Kyaftin. Ƙari a kan wannan ga masu aiki a gida Najeriya: a kula da kuɗin da aka rubuta bon da shi. Horo a waje ake yi, don haka da dala ake rubutawa, albashi kuwa naira ne. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati wajen naira 460 take, farkon 2024 ta haura 1,500. Bashin dala 20,000 da ya kama naira miliyan 9 da ɗoriya ya koma miliyan 30, albashi kuma bai ninka uku ba. Ko dai a ƙayyade bon ɗin da naira a farashin ranar sa hannu, ko a ɗaure wani ɓangare na albashi da dala.

Kada wani ya ce maka bon takarda ce kawai. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana tabbatar da shi in ta ga kuɗin da shekarun sun dace da horon da aka bayar. Saboda haka ka nemi lissafin abin da aka kashe a kanka dalla-dalla: kuɗin makaranta, tikiti, masauki. Wasu na cusa albashin watannin horo a ciki. Wasu kuma su yanki kuɗin horon daga albashinka duk wata, sannan su ɗaure ka da cikakken bon, ka ga an ci ka sau biyu ke nan. In an nemi mai tsaya maka, ka gaya wa baba ko kawu gaskiyar adadin kafin ya miƙa takardar fili. Kuma ka kai takardar wa lauya ko wakilin NAAPE, ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jiragen sama ta Najeriya, ya duba tukuna.

Albashi ma a warware shi. Fansho a dokar 2014 kashi 10 ne daga kamfani, 8 daga ma'aikaci, kuma a kan tushen albashi da kuɗin gida da na sufuri ake lissafa mafi ƙarancinsa. Kamfanin da ya matse tushe ya kumbura alawus na tashi ya rage maka fansho, kuma watan da jirgi ke gareji ko ka kwanta jinya za ka ga ainihin abin da kake samu.

Maman Sadiq

Ni ɓangaren aikin dare na Turai zan taɓa, irin na jiragen da ke ciyar da matattarar DHL a Laifzig, ta UPS a Kolon, ko ta FedEx a Faris. Tsarin kusan iri ɗaya ne. Ka tashi daga wani gari da misalin tara ko goma na dare, wani lokaci ka ya da zango a hanya, ka sauka matattara wajen tsakar dare. A sauke kaya a tantance, ka jira awa uku zuwa huɗu, ka koma da asuba, ka shiga otal rana ta fito. Haka dare huɗu ko biyar a jere, sannan hutu.

A dokar EASA, hukumar kula da lafiyar sufurin jiragen sama ta Tarayyar Turai, aikin da ya fara tsakanin 5 na yamma da 4:59 na asuba iyakarsa awa 11 in zango ɗaya ne ko biyu, kowane ƙarin zango kuma a cire minti 30. In jiran matattara ya kai awa uku, kamfani na iya lissafa shi hutun tsakiya ya tsawaita aikin da abin da bai wuce rabin hutun ba. Shi ya sa tambayar ɗakin barci a matattara ba ƙaramar tambaya ba ce: gado ne a ɗaki mai duhu, ko kujera ce kusa da talabijin? Daga 2 na dare zuwa 6 na safe jiki yake neman barci ido rufe, kuma daidai lokacin ne kake shirin zango na ƙarshe, sau da yawa cikin hazo a lokacin sanyi. Barcin rana a otal ba ya kai na dare. Labule mai kauri, abin toshe kunne, a daina shan kofi tun kafin saukar ƙarshe, a kuma rataya wa masu shara alama a ƙofa. Duk da haka dare na uku ya fi na farko nauyi.

Abin da ba a gaya wa sababbi shi ne awoyi. Doka ta yarda da awa 900 a shekara, amma zangon dare gajere ne, awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Mai awa 200 yana buƙatar ƙarin 1,300 kafin cikakken lasisin ATPL, wanda sai da shi ake zama kyaftin. In yana samun awa 40 a wata, wata 33 ke nan. A jirgin fasinja mai ba da awa 75 a wata, wata 18 ya isa. Mai iyali na iya son hakan, don hutun da yawa. Mai gaggawar kujerar hagu, wato ta kyaftin, ya yi lissafi.

Ƙaramin Matuƙi

Yaya, don Allah da gaske ne kamfanonin fasinja ba sa ƙirga awoyin kargo?

Maman Sadiq

Ba gaskiya ba ne, ƙanina. Awa awa ce, jirgi bai san me ke bayansa ba. Samfurin ne abin dubawa. A lasisin EASA, 737 daga 300 zuwa 900 shaidar ƙwarewa ɗaya ce, sai ɗan horon bambanci, don haka mai tuƙa tsohon 737-400 na kaya yana da kasuwa. Amma Boeing 757 an daina ƙera shi tun 2004, Airbus A300 tun 2007. Shi 757 da sauƙi, shaidarsa haɗe take da 767. Ɗaure kai shekara huɗu a kan samfurin da kamfanoni ƙalilan suka rage da shi yana nufin in ka fita, wataƙila sabon horo da sabon bon ke jiranka.

Malam Sani 747

Dogon zango duniya ce daban. Yawancin irin aikin nan ACMI ne: kamfaninka ya ba da jirgi, ma'aikata, gyara da inshora, wani kuma ya yi haya yana biya a kan awa. Inda mai haya ya ce, nan za ka. Kana iya barin gida sati biyu zuwa uku, rosta ta canza sau uku kafin ka dawo, yau Hon Kon, gobe Ankorej, jibi Liyej.

A tambayi yadda ake biyan tafiyar da za ka yi a matsayin fasinja don ka je ka tarar da jirgi. Aiki ne a doka, amma ba ya shiga awoyin tashi, wasu kamfanoni rabi suke biya, wasu ba komai. A tambayi daga ina alawus na kwana ke farawa, daga ƙofar gidanka ko daga sansanin kamfani, kuma wa ke biyan tikitin zuwa sansanin. Sannan in matuƙa uku ne ko huɗu a jirgi, sauka ɗaya ce a raba. Doka na son tashi da sauka uku cikin kwana 90, kuma ba abin mamaki ba ne mataimaki ya koma simileta don ya cike su. Ga wanda hannunsa bai nuna ba tukuna, ni na fi son ya fara da gajeren zango.

Amma a yi wa kargo adalci. A 2020 da korona ta ajiye jiragen fasinja, na kaya ne suka yi ta tashi ba hutu.

Kyaftin Dare

Gaskiya ne, Malam Sani. Sai dai kayan da kansu suna cikin yanayin aikin. Tun Afrilun 2016 ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ta hana ɗora batiran litiyam-ayon zalla a matsayin kaya a jirgin fasinja, sai a namu, kuma cajinsu kada ya wuce kashi 30. Babban ɗakin kaya na sama a yawancin jiragen kargo ba shi da kwalaben kashe wuta irin na ƙasa. Abin da littafi ya ce shi ne a sa abin shaƙar iska, a saki matsin iskar jirgi don wuta ta rasa abin ci, a nemi fili mafi kusa. Jirgin UPS 747 da ya faɗi a Dubai a Satumban 2010 wutar batir ce, hayaƙi ya cika ɗakin tuƙi, matuƙan biyu suka rasu. Jirgin kayan da ya faɗi a Bagram ta Afganistan a Afrilun 2013 kuwa motar soja mai sulke ce ta ƙwace daga ɗauri ta zame baya lokacin tashi, mutum bakwai suka rasu. Saboda haka takardar NOTOC, wadda ke sanar da kyaftin kaya masu haɗari da aka loda, a karanta ta layi-layi, a san kaya masu haɗari suna wane gurbi. In akwai lokaci a zaga ɗakin kaya a ga makullan falet, wato farantan da ake jera kaya a kai, sun kama, raga ta ɗaure. Kamfanin da ke ɓata rai in mataimaki ya yi tambaya a kan lodi, wannan ma a sa shi cikin lissafin albashi.

Abu Yasir

Daga Amurka a taƙaice. Ba a zama kujerar dama a manyan kamfanoni sai da lasisin ATP, wato awa 1,500 ga yawancin mutane, tun 2013. Dokar hutu ta Part 117 da ta fara aiki a Janairun 2014 ba ta tilasta wa jiragen kaya zalla ba, ƙungiyoyin matuƙa har yau suna neman a gyara. Albashi kuɗin awa ne sau awoyin da aka lamunce maka a wata, shekarar farko ce mafi ƙanƙanta, komai kuma da lambar shigarka, wato daɗewarka a kamfanin, yake tafiya: rosta, hutu, sansani, ƙarin girma. In ka sauya kamfani, ƙasan layi za ka koma. Bon ya fi yawa a ƙananan kamfanoni masu kai kaya ƙananan garuruwa. Ba izinin aiki a ƙasar kuwa, maganar ba ta taso ba.

Maman Sadiq

Na manta abu ɗaya. A duba sunan wanda ke saman kwantiragin. In wata hukumar samar da matuƙa ce ba kamfanin jirgin ba, ko an rubuta ka a matsayin mai zaman kansa, to haraji, fansho da kuɗin jinya duk a kanka suke, kuma ana iya dakatar da kai da sanarwar wata ɗaya alhali bon na nan daram. Tambayi ko akwai inshorar rasa lasisi, nawa take biya, bayan wata nawa na jinya take farawa, kuma ko ta isa ta rufe ragowar bon da bashin makaranta. In babu, nemi farashinta da kanka ka cire daga albashin kafin ka kwatanta shi da tayin wani kamfani.