Idan kanun labari ya ce "bincike ya gano", me ake dubawa kafin a yarda?

Hadiza_M:
Assalamu alaikum. Masana a gidan nan, don Allah a ƙara mini haske. Kullum sai an ga kanu irin su "naman gwangwani na jawo sankara kamar taba" ko "cakulan na rage ƙiba", kuma a ce bincike ne ya tabbatar. Mai karatun da ba likita ba, me zai duba kafin ya yarda ko ya tura wa wasu? Misalai na zahiri nake so.

Malam Sani:
Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Ki fara da lambar. Duk inda aka ce haɗari ya ƙaru da kashi kaza, tambayar ita ce: kashi kaza na nawa?

Mu ɗauki naman da kika ambata. A watan Oktoba na 2015, IARC, cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sanya naman da aka sarrafa, irin su sosej da na gwangwani, a rukuni na 1 na abubuwan da ke jawo sankara, inda taba take. Ta ce cin giram 50 kullum yana ƙara haɗarin sankarar hanji da kashi 18 cikin 100. To, a Birtaniya kusan mutum 6 cikin 100 ne cutar ke kamawa a tsawon rayuwarsu. Kashi 18 cikin 100 na 6 ɗin nan kusan 1 ne, ke nan 6 ta koma 7. Ƙari ne na gaske, ban raina shi ba, amma bai kama ƙafar taba ba. Rukunin yana nuna ƙarfin hujja ne kawai, ba girman illa ba. Alƙaluman da IARC ta kawo da kanta sun ce naman na da hannu a mutuwar mutum kusan 34,000 a shekara a duniya, taba kuwa kusan miliyan 1 ta hanyar sankara kaɗai.

Wannan kuskure yana ɓarna. A 1995 hukumar magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗi cewa wasu sababbin ƙwayoyin tazarar haihuwa suna ninka haɗarin daskarewar jini a jijiya. Ninkin daga mace 1 cikin 7,000 ne zuwa 2 cikin 7,000. Mata da yawa suka tsorata suka daina sha, aka ƙiyasta ƙarin zubar da ciki kusan 13,000 a Ingila da Wales a shekarar da ta biyo. Abin takaici, ɗaukar cikin kansa ya fi ƙwayar jawo daskarewar jini.

Ummi_K:
Malam Sani ya yi bayanin lamba, ni zan taɓo inda gishirin ke shigowa. Ba kullum ɗan jarida ne ke ƙara shi ba. A 2014 Petroc Sumner na Jami'ar Cardiff da abokan aikinsa sun wallafa nazari a mujallar BMJ kan sanarwar manema labarai 462 daga jami'o'i 20 na Birtaniya. Kashi 36 cikin 100 na sanarwar da ta shafi gwajin dabbobi ta yi magana kamar a kan mutane aka yi. In sanarwa ta yi haka, kashi 86 na labaran ma sai su bi ta. In ba ta yi ba, kashi 10 ne kacal.

Don haka ki nemi takardar asali. Ɗauki sunan mai binciken da na mujallar ki sa a PubMed ko Google Scholar, shafukan neman takardun bincike, ki karanta taƙaitaccen bayanin da ke sama. In kin ga "mice" ko "in vitro", a kan ɓeraye ne ko cikin kwanon gwaji, kuma kusan 9 cikin 10 na magungunan da suka kai matakin gwaji a kan mutane ma ba sa samun izini. In kuma kin ga "associated with", an dai ga abubuwa biyu suna tafiya tare, ba a nuna ɗaya ne ya haifar da ɗayan ba.

Abdul_Lissafi:
Maganar cakulan tarko ne da aka ɗana da gangan. A 2015 ɗan jaridar kimiyya John Bohannon da abokansa suka shirya gwaji kan cakulan a Jamus don nuna yadda ake yaudarar kafofin labarai. Mutum 15 kacal, an raba su gida uku na mako uku, aka auna abubuwa 18: nauyi, barci, kitsen jini da sauransu. A ƙa'idar da aka saba, kowane awo yana da damar kashi 5 cikin 100 ya ba da sakamako na katari. In aka ninka 0.95, wato damar kada hakan ta faru a awo ɗaya, da kanta sau 18 za a sami kusan 0.40, wato akwai damar kashi 60 cewa aƙalla awo ɗaya zai fito kamar an gano wani abu. Nauyi ne ya fito, jaridar Bild ta kai shi shafin farko. Saboda haka a duba mutum nawa aka gwada, abu nawa aka auna.

Hadiza_M:
Na gode ƙwarai. To idan babbar mujalla ce ta buga fa?

Ummi_K:
Suna yana ƙara nauyi, amma bai isa ba, 'yar'uwa. The Lancet ce ta buga takardar Andrew Wakefield a 1998, wadda aka yi ta danganta rigakafin MMR na ƙyanda da cutar otizim (galahanga) da ita. Yara 12 ne a ciki, babu wani rukuni da aka kwatanta su da shi. A 2004 ɗan jarida Brian Deer ya bankaɗo cewa Wakefield ya karɓi kuɗi ta hannun lauyan da ke shirin kai masu yin rigakafin ƙara. An janye takardar a Fabrairun 2010, aka soke lasisinsa na likita a watan Mayu. Nazarin da aka fitar a 2019 kan yara 657,461 a Denmak bai ga wata alaƙa ba. Har yau takardar tana yawo a Facebook, shi ya sa nake cewa a duba ko an janye takarda. PubMed yana rubuta "Retracted" a samanta, kuma shafin Retraction Watch yana da rumbun da ake bincikawa da sunan marubuci.