Neman shawara: zan sa a ƙera mini kariyar saman tsohuwar Land Cruiser

Mai tambaya, daga Birni:

Salamu alaikum ƴan'uwa. Ina da Land Cruiser HJ60, tsohuwa ce amma injinta lafiya lau. Hanyar Tanut da Gure take yawan bi, wani lokaci har Tasker. Ina son kariya, wato maɗaukin kaya na ƙarfe, a samanta, wadda za ta ɗauki jarka 6 ta gazuwal mai lita 20, tayar safaya 2 da jakunkuna. Mai waldar da na samu ya ce zai yi ta da ƙarfen kusurwa na 40 (mai faɗin milimita 40), ya shimfiɗa farantin ƙarfe a ƙasanta, sannan ya huda rufin ya ɗaure ta da bulon don kada ta motsa. Kafin in sayi ƙarfe, me masana suka gani?

Makanike, daga Zango:

Wa alaikumus salam Alhaji. Dakata da sayen ƙarfen tukuna, mu fara da lissafi. Jarkar ƙarfe cike da gazuwal tana kai kilo 21, guda 6 kilo 126 ke nan. Taya 7.50-16 da garenta na ƙarfe ba ta kasa kilo 30 ba, biyu sun haura 60. Farantin ƙarfe mai kaurin milimita 2 yana da kusan kilo 16 a kowace murabba'in mita, shimfiɗar mita 2 da faɗin 1.25 kuwa kusan kilo 40 ce, ba a ma zo kan ƙarfen kusurwar ba, wanda na 40 mai kaurin 4 yake da kilo 2.4 a mita. Ka ga ana maganar abin da ya doshi kilo 300 a kan motar da dama doguwa ce.

Illar ba a kan kwalta take bayyana ba. Sai an hau gefen tudun rairayi, ko an kauce wa rami da gudu, nauyin sama ya ja motar gefe. A hanya mai gargada kuma kowane tsalle yana ninka nauyin da ke dukan rufin. Shawarata, duk abin da ke sama, har da ita kanta kariyar, kada ya wuce kilo 100 in za a bar kwalta. Gazuwal ya koma cikin mota a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a ɗaure jarkokin tam, murfinsu ba ya yoyo. In tafiyar nesa ta zama ta kullum, tanki na biyu a ƙarƙashin mota ya fi. Sama ta taya ɗaya ce, da tabarmi, barguna, tampol, da jarkokin da babu komai cikinsu.

Mai walda, daga Sabon Gari:

Maganar makanike gaskiya ce. Batun huda rufi kuwa, Alhaji, don Allah kada ka yarda. Kwanon rufin siriri ne ƙwarai, ba a yi shi don ɗaukar kaya ba. Bulon zai riƙa cin bakin hudar har ta tsage, damina ta zo ruwa ya bi nan ya jiƙa silin, tsatsa ta kama daga ciki inda ido ba ya gani. Ƙarfin rufin HJ60 yana gefe, a indararon nan da ya zagaye shi, inda kwanon sama ya haɗu da jikin mota. Nan kariya take zama.

Ka fara duba indararon kansa. Ka kankare tsohon fenti da ƙasar da ta daskare a ciki, ka bi shi da tsinin sukudireba. Duk inda ya nutse ko ya yi ɓawon tsatsa, a gyara wurin kafin a ɗora masa komai.

Ga yadda za a yanka. Maimakon ƙarfen kusurwa, a sayi bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, wanda muke ce wa tib kare, ya fi jure murɗewa kuma ya fi sauƙin nauyi. Firam ɗin ƙasa na milimita 25 da 25 mai kaurin milimita 2, tsawo mita 2, faɗi kuma a auna tsakanin indararo biyu a gaba, tsakiya da baya, domin rufin ba faɗi ɗaya ne da shi ba. Sandunan gicciye guda 7, tazarar santimita 25, su ma na 25 amma kaurin 1.5 ya isa. Shingen sama na 20 da 20, tsayinsa santimita 12 kawai. Dogon shinge kwaɗayin lodi yake jawowa. In ana son shimfiɗa, raga ta ƙarfe a wurin da taya za ta kwanta ta wadatar. Da wannan tsarin kariyar za ta tsaya tsakanin kilo 30 da 35. Sandar tib mita 6 ake sayar da ita galibi, to a lissafa yankan a takarda kafin a sa injin yanka. Kuma a je da abin awo wurin mai saida ƙarfe, don kaurin da ake kira milimita 2 wani lokaci bai kai ba.

Wajen haɗawa, a shimfiɗa firam a daɓe mai daidai, a ɗiga walda a kusurwa huɗu, a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu. Sai awon ya zo ɗaya sannan a cike, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, in ba haka ba zafi zai ja ƙarfen ya karkace. Sandar walda mai lamba 6013, kaurin milimita 2.5, wuta wajen amfiya 60 zuwa 75; in ta fi haka huda tib ɗin za ta yi. Kada a yi waldar a kan mota, tartsatsi yana cin gilashi da fenti. In tilas sai an ɗiga ƙafafu a kanta don awo, a cire kan batir, a rufe gilasai da jiƙaƙƙen buhu.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai Malam, Allah ya saka. Ƙafafun fa, guda nawa, kuma yaya za su kama indararon ba tare da huda ba?

Mai walda:

Huɗu kowane gefe, takwas ke nan, kuma a yi ƙoƙari su faɗa kusa da ginshiƙan ƙofofi. Kowace ƙafa da faffaɗan ƙarfe mai kaurin milimita 4, tafinta da ke shiga indararo faɗin santimita 10, a goge bakinsa ya yi sumul. Daga waje sai wani ƙarfen da aka lanƙwasa kamar ƙugiya ya kamo indararon ta ƙasa, bulon M8 (kaurin milimita 8) mai lambar ƙarfi 8.8 a kansa ya matse su biyun. Kile 13, wato sufana mai lamba 13, ke ɗaure shi. A sa noti mai roba a ciki, ko noti biyu, domin gargada tana kwance noti ɗaya. Tsakanin ƙarfe da fenti a sa yankin robar cikin taya. Tsayin ƙafa kuma a auna daga tsakiyar rufi, inda ya fi tudu, a bar santimita 4 zuwa 5.

Direban hanyar Agadas:

Ni a nan zan ɗan saɓa wa Malam. Ƙafa takwas daban-daban sun yi wa mai bin kwalta. Mai zuwa Tasker gara a shimfiɗa masa faffaɗan ƙarfe guda a tsaye cikin indararon, tsawon kariyar gaba ɗaya, ƙafafun su zauna a kansa. Nauyi sai ya bazu, babu wurin da zai ci shi kaɗai. Tsagewar da ake gani a tsofaffin motocin daji kusan kullum daga gindin ƙafar gaba take farawa, saman ginshiƙin gilashi, don nan jikin mota ya fi murɗewa. Saboda haka ƙafar farko kada ta zo can ƙurewar gaba, a ja ta baya kaɗan. Tayar ma a kwantar da ita tsakiya, a ɗaure ta da bulon ta cikin garen, ba igiya ba.

Mai walda:

Na yarda, in dai an lanƙwasa ƙarfen ya bi indararon sosai, don ba miƙaƙƙe ba ne. A kuma yanke ƴan gurabe a ƙasansa ruwa ya samu hanya, in ba haka ba laka za ta kwanta ta ruɓar da wurin.

Makanike:

Saura ƙananan abubuwan da ake mantawa. A toshe bakin kowane tib, buɗaɗɗe fito yake yi da iska kuma yana tara ƙura da ruwa. Farantin alminiyom siriri a gaba, a karkace, yana rage gurnanin iska. A goge ƙarfen tas, fentin hana tsatsa shafi biyu, sannan na sama, a bar shi ya bushe a inuwa inda ƙurar hunturu ba za ta manne masa ba. A auna tsayin motar da kariyar kafin a nufi ƙofar gida da ita. Bayan an ɗaura, a yi tafiyar kilomita 50 a tsaya a sake bin notin takwas ɗin, roba takan kwanta su saki. Kile 13 ɗin ya zauna a aljihun ƙofar direba.