Kashe katin hoto na NVIDIA domin batir ya daɗe

Ɗan Zariya: Assalamu alaikum. Kwamfutar tafi-da-gidanka da nake amfani da ita tana da katin hoto biyu (na'urar da ke sarrafa hotunan da ke fitowa a allon kwamfuta), na Intel da na NVIDIA, kuma batirinta ba ya jure rashin wuta, alhali rubutu da binciken intanet kaɗai nake yi. Shin ya dace in kashe na NVIDIA ta Device Manager, wato sashen Windows da ke kula da na'urorin cikin kwamfuta?

Injiniya: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ban ba ka wannan shawarar ba, domin a kwamfutoci da yawa direban, wato manhajar da ke tafiyar da katin, shi ne ke sa katin barci idan ba a buƙatarsa, don haka idan ka kashe shi ta can yana iya ci gaba da jan wuta. Gara ka buɗe NVIDIA Control Panel, manhajar saita katin NVIDIA, ka zaɓi katin Intel a matsayin wanda manhajoji za su riƙa amfani da shi.

Malama: Ƙari a kan bayanin Injiniya, ka duba Task Manager, sashen Windows da ke nuna manhajojin da ke aiki, ka ga manhajar da ke tada katin NVIDIA. Idan kwamfutarka ƙirar ASUS ce, yanayin Eco na manhajarsu ta Armoury Crate yana kashe katin gaba ɗaya, sai dai ramin HDMI, inda ake jona talabijin ko wani allo, na iya daina aiki idan da katin aka haɗa shi.