Neman kalma: me za mu kira "vintage" a zancen fostar fim ɗin ban tsoro?

Jama'a, kalma nake nema, ku taimaka.

Ƙanena ne ya turo min labarin wata fosta da aka sayar dala 525,800 a watan Nuwamba na 2017, a gidan gwanjon Heritage da ke Dallas a Amurka. Fostar fim ɗin Dracula ce na 1931, kuma guda biyu kacal aka san sun rage irinta. Ya ce, "Yaya, takarda fa! Me ke jikinta?" Na ce masa ai tsohuwar fosta ce. Ya ce shi a saninsa tsohuwar fosta ita ce wadda mai ƙosai ke yagowa ta ƙunshe masa na ɗari biyu. Kuma gaskiyarsa. Kalmar da na ba shi ba ta ɗauki nauyin abin ba.

Masu wannan sana'a kalmomi huɗu suke jerawa: original vintage horror poster. Biyu ba su da wahala. Fosta ta riga ta zauna a bakinmu, wasu su ce fasta, jam'inta fastoci, duk wanda ya ga lokacin zaɓe ya sani. Na ukun kuma fim ɗin ban tsoro ne. Na ji yara suna cewa "fim ɗin horo", amma horo yana da aikinsa a Hausa tun kafin a haifi silima, a bar shi a wurinsa. Fim ɗin fatalwa kuma ya yi ƙunci, don ba kowane abin tsoro ne fatalwa ba, akwai dodo, akwai mai shan jini, akwai mahaukaci da wuƙa.

Saura biyun nan na farko, original da vintage, su suka hana ni sakat.

Bari in fara faɗin abin da ake nufi, don kada mu raɗa wa yaro suna ba mu ga fuskarsa ba. Waɗannan fastoci ba don sayarwa aka buga su ba. Kamfanin fim ne ke bugawa ya aika gidajen silima tare da fim ɗin, a kafa a ƙofa kwana kaɗan, a cire, a ninke, a tura gari na gaba, har ta yage a jefar. Girman da aka fi sani a Amurka inci 27 ne a faɗi, 41 a tsawo, kuma kusan duk wadda aka buga kafin shekarun 1980 a ninke take zuwa, shi ya sa layin ninki a jikinta ba aibu ba ne, shaida ce. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an tattara takardu masu yawa an sake sarrafa su, fastoci da dama suka tafi a ciki. Waɗanda suka tsira, yawanci bisa sa'a suka tsira. A garin Berwick na jihar Pennsylvania an samu kimanin talatin a ɗakin ajiya na ƙarƙashin rufin wani gida, manne da juna, saboda mai silima yakan shafa gam ya liƙa sabuwa a kan tsohuwa. Da tururi aka raba su ɗaya bayan ɗaya, aka yi gwanjonsu a 2012.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne London After Midnight na 1927. Fim ɗin kansa babu shi, kwafin ƙarshe da aka sani ya ƙone a gobarar ma'ajiyar kamfanin MGM a shekarun 1960. Fostarsa ta rayu, aka saye ta dala 478,000 a 2014. Fim ya mutu ya bar tallansa. To abu irin wannan ne za mu kira "tsoho" kawai mu wuce?

Amsoshi kan vintage sun fara shigowa. Wani ɗan uwa ya ce "tsohon yayi". Malam, na gode, amma tsohon yayi gori ne. Idan aka ce rigarka tsohon yayi ce, cewa ake ka cire. Wani ya ce "gwanjo". Gwanjo hanyar sayarwa ce, kuma a bakin mutane yanzu ta koma kayan da wani ya sa ya gaji. "Kwantai" ma an kawo, shi kuma kaya ne da kasuwa ta ƙi. Duk ukun suna rage daraja, mu kuwa kalmar da ke ƙara daraja muke nema.

Wata malama ta ce "kayan tarihi". Hajiya, kin kusa, sai dai wannan na ajiye shi ga abin da dillalai ke kira antique, wanda a al'adarsu sai ya kai shekara 100. Takobin da ke Gidan Makama kayan tarihi ne. Fostar 1978 ba ta kai can ba, ba kuma ta jiya ba ce. Akwai tazara a tsakani, ita muke son cikewa.

Sai wani dattijo daga Fagge ya rubuto. Ya ce ya yi kallo a gidajen silima na Kano, Plaza da Eldorado da Orion, tun yana saurayi, yana tuna yadda suke tsayawa gaban allo da rana suna karanta hoto kafin su yanke ko fim ɗin dare ya ci kuɗinsu. Ya ce, "Yaro, kana ta wahala. Ba ka taɓa jin an ce da tsohuwar zuma ake magani ba?"

Baba, Allah ya ƙara girma. Na daɗe ina kallon wannan amsa, don ta faɗa daidai kan asalin kalmar. Vintage daga zancen kakar inabi ta fito, ta hanyar Faransanci, ana nufin amfanin wata shekara takamaimai wanda daɗewa ke ƙara masa kyau. Su inabi suka sani, mu zuma muka sani, tunanin ɗaya ne. A hira, a kanun labari, a bakin mai gabatar da shiri, "wannan fosta tsohuwar zuma ce" ya fi duk abin da zan iya ƙirƙira.

Matsalarta ɗaya, kirari ce, ba ta shiga jimla cikin sauƙi. Ba za ka rubuta "kasuwar fastoci tsofaffin zuma" ba tare da harshe ya sarƙe ba. Ana bukatar gajeriyar kalma ta aiki. Ni a nan na tsaya kan "dauri". Muna cewa mutanen dauri, zamanin dauri, kuma duk wanda ya ce mutanen dauri da girmamawa yake faɗa, yana nufin masu nagartar da ta yi ƙaranci yanzu. Fostar dauri, motar dauri, agogon dauri, rediyon dauri. Ku gwada a baki, tana tafiya. A kula dai wajen rubutu: d ce marar ƙugiya. In aka sa ƙugiya an koma ɗauri, an kai fostar gidan yari.

Yanzu original. A kasuwa "orijina" ake cewa, kuma ba na faɗa da ita. Amma a wannan fage tana da ma'ana ta musamman. Ba ana nufin guda ɗaya tak ba, don an buga da yawa. Ana nufin wadda kamfanin ya buga don kafawa a silima. Na fara da "bugun farko", kamar yadda muke cewa a littafi, kuma tana da amfani, domin fim yakan dawo silima bayan shekaru a buga masa sabuwar fosta. A Amurka kamfanin National Screen Service, wanda ya riƙe rabon fastoci daga wajen 1940 zuwa shekarun 1980, yakan sa lamba a ƙasan takarda mai farawa da shekara, in dawowa ce a sa harafin R a gaba. Wannan sai mu ce "bugun dawowa". Ita ma ta gaskiya ce, kuɗinta ne bai kai ba.

Ina cikin jin daɗin bugun farko sai wani ɗan uwa daga Zangon Kumasi ya rushe min shi. Ya ce, "Yaya, namu fa ba bugawa aka yi ba." Kuma haka ne. A Gana, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990, masu yawo da talabijin da bidiyo da janareta ƙauye ƙauye sukan sa mai zane ya zana musu fosta da fenti a kan buhun fulawa, wani lokaci buhu biyu a ɗinke. Finafinan ban tsoro sun fi samun wannan gata, mai zane ya ƙara jini da macizai da kawuna yadda za su ja mutane, ko babu su a fim ɗin. Kowace guda ɗaya ce a duniya, ta sha rana da ƙura da naɗewa. Yau masu tarawa a Turai da Amurka suna nemanta. Babu injin da ya taɓa ta, to ina bugu?

Wannan gyara ne ya daidaita min komai. Kalmar da ta rufe duka biyun ita ce "'yar asali". Bugun farko da bugun dawowa su zama rassa a ƙarƙashinta, ga waɗanda aka buga. Kuma misalin Gana ya nuna dalilin da ya sa dole kalmomin su zama biyu: har yanzu akwai masu zane a can da ke zana sababbi idan mai saye ya yi oda. Zanen hannu ne na gaskiya, ba wanda ya yi ƙarya, amma bai taɓa rataya a ƙofar gidan kallo ba. Ba na dauri ba ne.

Wani ya tambaya ko duk abin da ba 'yar asali ba jabu ce. A'a. Wadda aka sake bugawa aka sayar maka a matsayin ta ado, ka sani, mai sayarwa ya sani, wannan kwafi ce, halal ɗinka. Jabu ita ce wadda aka tsufar da gangan don a yaudare ka. An yi haka a Amurka, a 2009 aka bankaɗo wani mutum a jihar Jojiya da ke sayar da jabun fastocin ban tsoro na shekarun 1930, har manyan masu tarawa suka faɗa, daga baya kotu ta ɗaure shi.

Ga inda na tsaya, sai in wani ya kawo abin da ya fi: fostar dauri 'yar asali ta fim ɗin ban tsoro. Mai tara su kuma mai taskace fastocin dauri, don "mai tarawa" kaɗai yana iya zama ɗan gwangwan.

Na mayar wa ƙanena amsa da daddare. Na ce, "Fostar dauri ce, 'yar asali, bugun farko, biyu suka rage." Ya ɗan yi shiru, sannan ya tambaye ni ko akwai wanda ya adana na Plaza da Eldorado. Baba na Fagge, wannan tambayar taka ce.