Kumburin ƙarƙashin haɓa da ke tashi lokacin cin abinci

Maman Biyu: Salamu alaikum 'yan zaure. Maigidana ne, yau kwana 5 ke nan, da ya kai loma baki sai ƙarƙashin haɓarsa ta dama ya kumbura kamar ƙwan zabo, ga zafi. Bayan awa ɗaya ko biyu ya sace. Jiya ƙanshin miyar kuka kawai ya ji, abin ya tashi. Ko hangum ne?

Inna Hajiya: Subhanallahi. 'Yata, hangum ba ya tashi ya sace haka, kuma gaban kunne yake kamawa. Majo, malamin asibitinmu, yana nan?

Majo Sani: Ga ni, Inna. Wannan ya yi kama da tsakuwa a hanyar miyau. Miyau na zuwa, ya tarar da hanya a toshe, sai ya taru. Kusan 8 cikin 10 a ƙarƙashin muƙamuƙi take, don miyan wurin ya fi kauri, kuma hawa yake yi kafin ya fito ƙarƙashin harshe. Ƙarancin shan ruwa na jawo ta, ga zafin garin Tawa da ya wuce digiri 40. Ya sha ruwa sosai, ki gasa masa wurin da tsumma mai ɗumi, ya riƙa murzawa daga baya zuwa gaba. Farasetamol don zafi.

Illa mai tela: Ni ta taɓa kama ni bayan azumi. Tsamiya na dinga tsotsa, farko kamar in yi kuka don kumburin ƙaruwa yake. Kwana na uku na ji abu kamar yashi a baki, na tofa, fara-fara, ba ta kai ƙwayar dawa ba. Wannan 'yar mitsitsiya ce ta hana ni tuwo!

Abdu: In ana ganin kanta ƙarƙashin harshe, ba sai a tsokano ta da allura ba?

Majo Sani: Kai Abdu, a'a! Ƙwayoyin cuta za ka tura ciki. Maman Biyu, in kin ga zazzaɓi, ko wurin ya yi ja, ko mugunya a baki, ku tafi likita a ranar. Ko babu su, in ya kai mako a yi masa ekogarafi, wato hoton da na'ura ke ɗauka don a ga cikin wurin. In tsakuwar babba ce, lokotoron kunne da hanci da maƙogwaro yakan ɗan tsaga cikin baki ya fitar. Cire gabaɗayan jakar miyan sai abin ya yi ta dawowa. Babban asibitin ƙasa na Yamai yana da sashen.

Maman Biyu: Allah ya saka da alheri. Tsamiya ta ƙare mini, lemun tsami zai yi?

Majo Sani: Zai yi. Ya kurkure baki bayan ya tsotsa, saboda haƙora.