Shin faifan birki mai huji yana sa mota ta tsaya da wuri?

Alhaji: Assalamu alaikum. Ina shirin canza faifan birki da fad (abin da ke matse faifan idan an taka birki) a motata, ƙaramar motar gudu ce mai ƙofa biyu, kuma mai kayan ya tabbatar mini cewa idan na ɗaura faifai mai huji-huji tare da fad irin na tsere, za ta riƙa tsayawa a tazarar da ba ta kai ta yanzu ba. Na gamsu da maganarsa, domin motocin Porsche da yawa da nake gani irin wannan faifan ne a ƙafarsu.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Alhaji, ka yi haƙuri, ban yarda da wannan magana ba. Abin da ke tsayar da mota a kan kwalta taya ce, birki kuwa juyin tayar yake ragewa. Idan ka taka birkin da motarka ta zo da shi da dukkan ƙarfinka har ka ji ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa, yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka, to birkin ya riga ya fi ƙarfin riƙon tayar, kuma duk ƙarin da ka yi masa ba zai rage maka ko taku ɗaya ba a wannan tsayawar. Mai son gajeren tsayawa ya fara da sayen taya mai kama ƙasa.

Mai Gareji: Injiniya, lissafinka na takarda ne. Na ɗaura wa mutane irin waɗannan kaya ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma babu wanda ya dawo bai ce motarsa ta fi kama birki ba. Za ka ce dukkansu ba su san abin da suke ji ba?

Injiniya: Sun sani, Oga, sai dai abin da suke ji daban, abin da mai kaya ya yi wa Alhaji alkawari daban. Fad mai ƙarfin gogayya yana cafke faifai da zarar an ɗan taɓa shi, don haka direba ba ya buƙatar danna ƙafa sosai. Wannan sauƙin ƙafa ne. Ban da haka, yawancin masu zuwa wurinka tsohon fad da ya cinye suke cirewa, kuma kowane sabo zai fi shi.

Direba: Ni ina shiga filin tsere lokaci-lokaci, kuma ina ganin ku biyun kun tsallake zafi, wanda shi ne dalilin canza kayan tun asali. Birki yana mayar da gudun mota zafi ne, kuma idan gudu ya ninka biyu zafin ninki huɗu yake yi, wato tsayawa ɗaya daga kilomita 200 a awa daidai take da huɗu daga kilomita 100. A tsayawar farko Injiniya ya yi gaskiya. A ta goma a jere, ko a doguwar gangara, fad ɗin kamfani yana iya yin zafin da zai fara santsi a kan faifai, kana takawa motar tana ci gaba da tafiya. A nan ne faifai mai girma da nauyi, mai hanyoyin iska a tsakiyarsa, yake amfani, domin yana shanye zafi ya kuma fitar da shi da sauri. Huji kuwa ƙarfe yake ragewa, kuma a gefen hujin ne tsagewa ke farawa idan faifai ya sha zafi ya huce sau da yawa. Ni wanda kamfani ya yi wa tsaga-tsaga a fuska nake sakawa, ko wanda ba shi da huji ko tsaga.

Mai Gareji: To, Porsche ba su san haka ba ne suke huda nasu? Kuma hujin yana kore ruwa daga fuskar faifai lokacin da ake ruwan sama.

Direba: Batun ruwa gaskiya ne, ko da yake tsaga ma tana yin wannan aikin. Amma kamfanin da ya ƙera faifai ya yi lissafin hujinsa da kaurinsa tun farko, wanda ba za a haɗa shi da faifai mai arha da aka ɗauko aka huda don ado ba. Kuma ko nasu, masu kai motocin filin tsere suna duba gefen hujin a kai a kai.

Hajiya: Abin da ya fi damuna a maganar Alhaji shi ne fad irin na tsere, tunda bai ce fili zai je ba. Irin wannan fad sai ya ɗauki zafi yake kamawa da kyau, saboda haka da safe, a mahaɗar farko, zai iya zama ya fi na kamfani rauni, ga ƙara, ga ƙura, ga cin faifai. Alhaji, ka duba jikin fad, sau da yawa za ka ga haruffa biyu kamar FF ko GG. Na farko ƙarfin gogayya ne a ƙaramin zafi, na biyu a babban zafi, F yana nufin 0.35 zuwa 0.45, G kuma 0.45 zuwa 0.55. Sannan babu wanda ya ambaci man birki, alhali yana shan danshi daga iska. Mizanin man birki nau'in DOT 4 shi ne kada sabo ya tafasa ƙasa da digiri 230 na Celsius, wanda ya sha ruwa kuma 155 ne, kuma idan ya tafasa ƙafarka za ta nutse har ƙasa ko wane faifai ka ɗaura.

Alhaji: Na gode, Hajiya. A titi nake tuƙi, sai dai ina yawan bin hanya mai gangara da kwana, kuma man nan ya fi shekara uku ban canza ba. Idan na ɗauki babban faifai a gaba kawai fa?

Injiniya: Ka fara auna rim ɗinka, domin ba kowanne babban faifai ke shiga ba, kuma ƙara wa gaba ƙarfi ba tare da baya ba yana iya ɓata rabon aikin da kamfani ya tsara, har tazarar ta ƙaru. Ka canza mai, ka saka fad na titi mai jure zafi, sannan ka sa ya zauna da kyau a kan faifai ta hanyar taka birki kamar sau goma a jere daga matsakaicin gudu ba tare da ka tsaya cak ba.

Mai Gareji: A kan mai da fad na bi ku. A kan huji kuwa har yanzu ina nan a kan bakana, muddin faifan na kirki ne kuma titi zai bi.