Neman kalma: alamomin Ranar Masoya kafin shirin gobe

Mai Shiri: Assalamu alaikum malamai. Gobe 14 ga Fabrairu da ƙarfe 10 zan gabatar da shiri kan Ranar Masoya. Sunan ranar ya zauna. Abin da ya cije min shi ne yaron nan mai fukafukai da kwari da baka, Kiyufid, sai jan furen da ake bayarwa. A taimaka kafin dare.

Malamar Fassara: Wa'alaikumus salam ƙanena. Furen wardi ne, ka ce "jan wardi". Kada ka tsaya a "fure" kawai, domin a wajen Turawa launin ne saƙon: ja soyayya, rawaya abota. Damin da aka saba bayarwa guda 12 ne. Kiyufid kuwa kada fukafukan su sa ka kira shi mala'ika. Abin bautar Rumawan dā ne, ɗan Binas abar bautarsu ta soyayya, Girkawa na ce masa Eros.

Ɗan Zazzau: "Maharbin So". Aikinsa ke nan. A tatsuniyarsu kibiya iri biyu gare shi, ta zinariya mai dasa so, ta dalma mai sa gudun masoyi. Hoton zuciyar da kibiya ta huda daga nan ya fito.

Malamar Fassara: Ya yi daɗin ji, amma mai sauraro zai ɗauka kirarin saurayi ne.

Ɗan Zazzau: Yaya, sai a bi shi da jimla ɗaya ta bayani. Na fi shi da "gunkin soyayya", tunda ba sassaƙe ake nufi ba.

Baba Malam: Ni cakulan da za a ambata ya dame ni. Ina laifin "alewar koko"? Kullum aro, kamar harshen ba shi da gida.

'Yar Kumasi: Ranka ya daɗe Baba, koko a kunnen Bahaushe kunu ne, wanda ake sha da ƙosai. A Gana ranar nan ce Ranar Cakulan ta Ƙasa, kuma ba mai haɗa su.

Na Damagaram: Mu "shokola" muke cewa. Me ya sa sai abin da Kano ta faɗa ne Hausa?

Baba Malam: Dukanku aro kuka yi, ɗaya Ingila ɗaya Faransa.

Malamar Fassara: Wardin ma daga Larabci yake, Baba. Mai Shiri, ka kiyaye "kati" shi kaɗai, za a ji katin waya. Ka ce "katin gaisuwa". In za ka taɓo tarihi, Balentin, wanda ranar ke ɗauke da sunansa a Turance, limamin Kirista ne da aka kashe a Rum a ƙarni na 3, danganta ranar da soyayya kuma sai ƙarni na 14 a Ingila.

Mai Shiri: Na gode. Jan wardi, katin gaisuwa, cakulan. Zan fara da "Kiyufid, abin bautar Rumawa", in sa "Maharbin So" sau ɗaya.

Ɗan Zazzau: Sau ɗaya ya yi kaɗan.

Baba Malam: A yi na gobe haka. Cakulan dai ban sa hannu ba.